Tarin fuka a garken madara: wane gwaji za ka yi, ina kuma za ka kai saniyar da aka kama?

Ranar da mahauci ya bugo wa kawuna waya, ya zaci maganar cikon kuɗi ce. Saniyar da ya sayar masa wata hajin ce, wato ruwa-biyu, mai jinin firiziyan na Turai, ta kusa shekara tana ramewa alhali ba ta ɗaga kai daga kwamin dusa. Da aka buɗe ƙirjinta a mayanka sai ga huhun cike da 'yan ƙulalai masu ruwan ɗorawa, kaluluwar da ke tsakanin huhun biyu kuma da wuƙa ta shige ta sai ta yi ƙaras-ƙaras kamar an yanka jibna mai yashi. Likitan da ke duba nama ya riƙe huhun da kayan ciki, ya ce a gaya wa mai garken sul ne, wato tarin fuka, ya je ya binciki sauran.

Sauran su 22 ne, a zariba guda a bayan garin Gadarif da ke gabashin Sudan, suna cin ciyawar dawa ta abu sab'in da ambaz, wato tunkuza, a kwami ɗaya, suna shan ruwa a haudi ɗaya. Madararsu kuma gidaje take shiga safe da yamma, har da gidansa da jikokinsa. Tun daga 2023 da yaƙi ya kwaso mutane daga Kartum da Jazira ya zube su a Gadarif da Kasala, madara ta yi kasuwa, shanun gonaki su ma suka riƙa canja hannu da araha, babu mai tambayar daga wane garke suka fito. Uku cikin shanun kawu ta haka ya same su.

Abin da ya tambaye ni shi ne, "Wane gwaji ya fi kyau?" Na ce, "Kawu, kafin mu kai can, in gwajin ya nuna biyar suna da ita, me za ka yi da su?" Ya yi shiru. A ganina nan maganar take. Mutum ya fara yanke abin da zai yi da sakamako, sannan ya zaɓi gwajin da ya dace da shi. Amma bari mu bi gwaje-gwajen tukuna, don sai ka san abin da kowanne ke gani da abin da ke wuce shi.

Na farko shi ne wanda kowa ke yi, duba da ido. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, sai dai a wannan cuta kimar tasa ba ta kai ko'ina. Ƙwayar da ke haddasa ta, Mycobacterium bovis, 'yar'uwar ƙwayar tarin fukan mutane ce ta jini, kuma a hankali take cin jiki. Saniya na iya shekara biyu ɗauke da ita tana sheƙi, tana cika bokiti, tana fesa wa maƙwabciyarta da numfashi. Kafin ka ga rama da busasshen tarin asuba da kumburin kaluluwar maƙogwaro, ta daɗe da rabawa. Ga kuma cututtukan da ke kama da ita. Abu ginet, ciwon huhun nan da makiyaya suka sani, yana sa tari da nishi, sai dai shi da gaggawa yake zuwa da zazzaɓi, yana kwantar da shanu da yawa a lokaci guda. Tsutsar hanta da ke addabar shanun da ke kiwo bakin tur'a, wato magudanar ban-ruwa, ita ma tana ramar da dabba. Saboda haka ido amfaninsa ɗaya ne, ya nuna maka wadda ta riga ta yi nisa.

Mayanka ta fi ido, kuma kyauta ce. Duk mai garken da ya sayar da saniya ga mahauci ya kamata ya nemi a gaya masa abin da aka gani a huhu da kaluluwar kai da ta ƙirji. Aibinta a fili yake, sai dabba ta mutu take magana, kuma ƙananan ƙulalai na farkon cuta sukan kuɓuce wa wuƙar mai dubawa. A Sudan akwai ƙarin rikici guda. Akwai cutar da likitoci ke kira farsin shanu, wadda wata ƙwaya daga dangin nan ɗaya, Mycobacterium farcinogenes, ke kawowa. An daɗe da saninta a Sudan da Chadi, tana kumbura kaluluwa da jijiyoyin ƙarƙashin fata, in ta shiga ciki kuma tana kama da tarin fuka ƙwarai. Don haka abin da aka gani a mayanka ƙararrawa ce, ba hukunci ba.

Gwajin fata shi ne ginshiƙin aikin a duk duniya, kuma tsoho ne, tun 1890 Robert Koch ya haɗa tubakulin, ruwan da ake tacewa daga ƙwayar cutar, wanda ake amfani da jikokinsa yau. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ne ainihin zaɓin da ke gaban mai garke.

Mai allura ɗaya: likita ya aske wuri a tsakiyar wuya, ya auna kaurin fatar da ma'auni, ya tsira mililita 0.1 na tubakulin shanu a cikin fatar kanta, ba ƙarƙashinta ba. Wasu a gindin wutsiya suke yi. Bayan awa 72 ya dawo ya sake aunawa. In kaurin ya ƙaru da milimita 4 ko fiye, an kama ta. In ya wuce 2 bai kai 4 ba, ana kokwanto. Wannan gwaji ya fi arha, ya fi sauri, kuma ya fi kamu. Matsalarsa ita ce yana kamawa har da marasa laifi. Ƙasa da ruwan hafir, wato tafkin da aka haƙa, da kashin kaji cike suke da 'yan'uwan wannan ƙwaya waɗanda ba sa haddasa tarin fuka, amma jikin saniyar da ta haɗu da su yakan kumbura in ya ji tubakulin. Farsi ma yana iya sa haka, haka nan cutar zawon nan mai ramarwa da ake kira cutar Johne. Wanda zaribarsa ke cike da kaji da tattabaru, kamar ta kawu, yana iya ganin lafiyayyar saniyarsa ta faɗi gwaji.

Mai allura biyu don wannan aka ƙirƙiro shi. Ana aske wuri biyu a wuya, tazarar santimita 12 zuwa 15, a sa tubakulin tsuntsaye a sama, na shanu a ƙasa. Bayan awa 72 sai a gwada kumburin biyu. In na shanu ya fi na tsuntsaye da sama da milimita 4, an kama ta. In fifikon tsakanin 1 da 4 ne, ana kokwanto. In na tsuntsaye ya yi daidai da shi ko ya fi, to wata ƙwayar ce daban ta taɓa ta. A Ingila, inda suke yawan yin wannan gwaji, lissafin hukuma shi ne lafiyayya ɗaya tak cikin kusan 5,000 yake ɗora wa laifi. Amma kuɗin wannan adalci shi ne yakan saki kamar ɗaya cikin kowace biyar masu cutar. Wanda ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Binciken da aka yi a Habasha da Chadi ya nuna cewa a shanunmu na Afirka, in aka sauko da iyakar daga milimita 4 zuwa 2 ana ƙara kamu sosai ba tare da an yi ɓarna mai yawa ba. Wannan magana ce da ya kamata ka yi da likitanka kafin ya fara, musamman in an riga an ga cutar a mayanka daga garkenka.

Duka biyun suna da makanta iri ɗaya, kuma nan ne mutane ke cutar kansu. Saniyar da ta kamu jiya ba za ta nuna ba, sai an yi mako uku zuwa shida. Wadda ta haihu cikin 'yan makonnin nan jikinta yakan yi sanyi ga allurar. Wadda yunwa ta kayar a ƙarshen rani ma haka. Mafi muni, tsohuwar da cutar ta gama cinyewa tana iya fita fes, domin garkuwar jikinta ta gaji da amsawa, alhali ita ce ta fi kowa zubar da ƙwayar. Shi ya sa ba a jefar da ido gaba ɗaya. Ramammiya mai tari ko ta tsallake gwaji, a fitar da ita. Sannan ba a maimaita gwajin nan da nan, don allurar farko tana dusashe amsar ta biyu. Hukumar Lafiyar Dabbobi ta Duniya ta ce a jira aƙalla kwana 42, a Ingila kwana 60 suke bari. Ruwan tubakulin kuma sanyi yake so, tsakanin digiri 2 da 8, ba ƙanƙara ba, ba rana ba. A garin da wuta ke kwana ba ta zo ba, tambayi likita a ina ya ajiye kwalbarsa. Tubakulin da ya sha zafin Gadarif a aljihun mota zai wanke maka garke duka, ka koma gida kana murna a banza.

Sai gwajin jini, wanda ake kira gama-intaferon, da aka ƙirƙiro a Ostiraliya a ƙarshen shekarun 1980. A takarda ya fi kowanne daɗi. Sau ɗaya ake ɗibar jinin saniya, ba sai likita ya dawo ba, yana gano cutar da wuri fiye da fata, kuma yana kama kusan tara cikin goma. Wani ɗan'uwanmu da ke aiki a Jidda shi ya dage wa kawu a kan wannan, wai shi ne na zamani. Gaskiya ne, amma ƙwayoyin jinin sai suna da rai ake aikin da su. Dole jinin ya isa ɗakin bincike cikin sa'o'i, in an ja ƙwarai kwana guda, bai yi zafi ba bai daskare ba, a can kuma a kwantar da shi a digiri 37 har ya kwana. Daga Gadarif zuwa Kartum ya haura kilomita 400, kuma kowa ya san halin da yaƙi ya jefa cibiyoyin bincike na babban birni. Ga tsadar kayan aikin, ga shi yana ɗora wa lafiyayyu uku ko huɗu cikin ɗari laifi, ba a kuma yi wa maraƙin da bai kai wata shida ba. Ko a ƙasashen da ke da shi, ƙari yake a kan gwajin fata, ba madadinsa ba. Ga babbar gona mai ɗaruruwan firiziyan da ɗakin bincike kusa, yana da amfani. Ga mai shanu 22, na ce wa kawu ya manta da shi.

Shuka ƙwayar a ɗakin bincike ita ce tabbaci na ƙarshe, amma tana ɗaukar mako takwas ko fiye, kuma daga naman dabbar da aka yanka ake yi. Gwajin PCR, mai neman sawun halittar ƙwayar a cikin naman, ya fi sauri. Dukansu na tabbatar da abin da mayanka ta gani ne, ba na tace garke mai rai ba.

To an yi gwaji, an kama wasu. Hanyoyi huɗu ne mutane ke bi, biyu daga ciki ba hanyoyi ba ne.

Magani shi ne abin da zuciya ke fara rayawa, domin mun saba duk abin da ya sami saniya akwai kwalbarsa a kasuwa. Yi lissafi da kanka. Mutum mai nauyin kilo 60 sai ya sha magunguna huɗu a farko, ya yi wata shida bai tsallake rana ba, kafin ya warke. Saniya kilo 400 ce. Ƙwayar shanun kuma da ma can ba ta jin ɗaya daga cikin huɗun nan, pirazinamid. An gwada ba shanu isoniyazid a wasu ƙasashe, aka ga da yawa cutar tana dawowa da an daina. Abin da kwalbar fenisilin da sitireftomaisin ke yi shi ne ta lafar da tari na ɗan lokaci, ta zuba saurar magani a madara, ta kuma koya wa ƙwayar jure maganin da wata rana ɗanka zai buƙata.

Ta biyu ita ce a kira dillali a kai ta kasuwa a yi shiru. Haka cutar ta shigo zaribar kawu, kuma ya san ɗacin abin. Ba sai na jawo masa hadisin ɓoye aibin haja ba, ya fi ni saninsa. Saniyar da aka kama, in za ta bar gidanka, mayanka mai likita za ta nufa, ba turken wani ba.

Saura biyu na gaskiya: a gwada a yanka, ko a gwada a ware.

Yankawa ita ce ta raba ƙasashe da cutar. Amurka ta fara shirinta a 1917, lokacin da kusan biyar cikin ɗari na shanunta ke faɗuwa gwaji. Ostiraliya ta fara gangaminta a 1970, ta ayyana kanta ta rabu da cutar a 1997. Duba shekarun, ka kuma tuna cewa a duka biyun ana biyan mai dabba diyya, ana hana garken da ya kamu motsi, ana bin sawun kowace saniya. Inda namun daji ke riƙe da ƙwayar, kamar wata dabbar rami a Ingila ko ɓauna a Afirka ta Kudu, ko da kuɗin ma aikin ya ƙi ƙarewa. Ga mutum ɗaya, amfanin yankawa shi ne sauri da kwanciyar rai. In ɗaya ko biyu aka kama cikin ashirin, kada ka tsaya wahala, kai su mayanka. Ba asara ce gaba ɗaya ba, domin in cutar ta tsaya a wuri ɗaya likita yakan cire sashen ya saki sauran naman, sai in ta bazu ne yake hana dabbar duka. Amma in takwas aka kama cikin ashirin, kuma su ne masu cika bokiti, yanka su rana ɗaya rufe sana'a ne. Kada ka gina lissafinka a kan diyyar da ba ka gani a tafin hannunka ba.

Warewa dabara ce ta wani likitan dabbobi ɗan Denmak, Bernhard Bang, tun shekarun 1890, kuma don manoma irinmu ya tsara ta, waɗanda ba za su iya zubar da rabin garke ba. Ya lura cewa kusan duk maraƙi lafiya lau ake haifarsa ko uwarsa na da cutar, daga baya yake ɗauka ta nono da numfashi. Saboda haka sai a raba garke biyu. Waɗanda aka kama su koma zaribarsu daban, da kwaminsu da haudinsu da bokitinsu, a tatse su a ƙarshe. Ba igiya za a ja a tsakani ba, tazara ake so ta gaske, yadda hanci ba zai taɓa hanci ba, ruwan wanki kuma ba zai gangaro daga can zuwa nan ba. Maraƙin da aka haifa a ɓangaren masu cutar a ɗauke shi ranar, a ba shi daƙashin lafiyayyar uwa, sannan a shayar da shi dafaffiyar madara. Masu tari da rama da masu taurin hantsa su tafi mayanka nan take, sauran a riƙa rage su ɗaya bayan ɗaya yayin da karsanai masu tsabta ke tasowa. Ɓangaren lafiyayyu a sake gwada shi bayan wata biyu, sannan duk wata shida, domin rariyar nan tana barin wasu.

Wahalarta ba ɓoyayya ba ce. Shekaru take ci, uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne. Tana son fili da ƙarin hannu. Ga wata matsala da littattafan Turai ba su damu da ita ba: saniyar gida irin Kenana ko Butana sau da yawa ba ta sakin nono sai ta ga ɗanta a gabanta, hajin mai jinin firiziyan da yawa ce ke yarda a tatse ta ba maraƙi. Ranar da yaron tatsa ya gaji ya saki maraƙi ya je wurin uwarsa don a gama da wuri, aikin wata shida ya rushe. Wannan hanya ta mai zama a kan dukiyarsa ce. Mai garken da ke Saudiyya yana aiko da umarni ta WhatsApp, gara masa yankawa.

Irin kiwo ma yana canja nauyin lissafin. Binciken Habasha ya nuna shanun Turai da ake tsarewa a rumfa sun fi shanun gida masu tozo kamuwa, kuma cutar ta fi yi musu illa. Rana tana kashe ƙwayar, inuwa mai danshi da kashi tana raya ta makonni har watanni. Makiyayin da ke yawo da shanunsa tsakanin Damazin da Dindir ba shi da zariba biyu, ba shi da likitan da zai same shi wuri ɗaya bayan kwana uku, amma haɗarinsa ma bai kai na mai rumfa ba. Shi abin da ya dace da shi shi ne ya fitar da tsofaffi masu tari, ya bi labarin mayanka.

Wasu za su tambayi rigakafi. Allurar BCG da ake yi wa jarirai tun 1921 daga wannan ƙwayar ta shanu aka samo ta, kuma gwajin da aka yi a Habasha, wanda aka wallafa a 2024, ya nuna tana rage yaɗuwar cutar tsakanin shanu ƙwarai. Sai dai saniyar da aka yi wa ita takan faɗi gwajin fata, a kasa bambanta ta da mai cuta, shi ya sa ake ta aikin sabon gwajin da zai raba su. Ba abin da za ka saya a kantin magani ba ne yau.

Ko wace hanya ka ɗauka, madara ba ta jiran sakamako. Shanun da cutar ke kai wa hantsa kaɗan ne, amma wake ɗaya ke ɓata gari, bokitinta ɗaya ya shiga jarka ya gama da sauran. Tafasawa tana kashe ƙwayar, haka ma riƙe madara a digiri 63 na minti 30. Tsami ba ya kashe ta yadda za a dogara da shi, don haka rob da kindirmo da jibna daga dafaffiyar madara za a yi su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kusan 140,000 suka kamu da tarin fukan da ya fito daga dabbobi, kusan 11,400 suka rasu. A yara sau da yawa ba tari yake zuwa da shi ba, kaluluwar wuya ce ke kumbura ta ƙi sauka, ko ciwon ciki da rama. Mai tatsar da ya yi mako biyu yana tari ya je asibiti, ya kuma faɗa musu aikinsa, domin shi ma yana iya shafa wa shanun.

Kawu mai allura biyu ya zaɓa, saboda kajinsa da tattabarunsa, kuma likitan ya yarda ya karanta da tsanani tunda mayanka ta riga ta yi magana. An kama huɗu, biyu cikinsu daga ukun nan na araha, ana kokwanton ɗaya. Tsohuwar cikinsu mai tari ta tafi mayanka a makon. Ukun da ta kokwanton suna can bayan rumbun ƙaiƙayi a sabuwar zariba da ya kewaye da ƙaya, ya ba ƙaramin ɗansa su shi kaɗai, da bokiti mai jan fenti. Ya rubuta ranar dawowar likita da gawayi a jikin bangon ɗakin ambaz, kwana 60 cif, kuma karsanar da wani dillali ya kawo masa ranar Juma'a ya ce ta zauna can wurin mai ita sai an tsira mata allura tukuna.